Yajin Aikin Marubutan Talabijin a Amurka da Tasirinsa a Kan Zubi da Tsarin Wasan Kwaikwayo

1.0 Gabatarwa

Manazarta wasan kwaikwayo sun daɗe suna muhawara a kan inda ran wasa yake, ko a rubutaccen matani ne ko kuwa a aiwatarwa. Masu fifita aiwatarwa suna ganin matani tamkar gangar jiki ce, sai ɗan wasa ya hura mata rai a gaban jama'a. Masu fifita matani kuwa suna ɗaukar ɗan wasa a matsayin ɗan aike, wanda ke isar da saƙon da wani ya tsara. Muhawarar ta fi wuyar warwarewa a wasan talabijin, domin mai kallo ba ya ganin matani, sunan marubuci kuma gilmawa kawai yake yi a farkon shiri ko ƙarshensa. Hanyar da ta fi dacewa a auna gudummawar marubuci ita ce a janye shi a ga abin da zai faru da wasan. Manazarci ba shi da ikon shirya irin wannan gwaji, amma tarihin talabijin na Amurka ya shirya shi sau da dama. Ƙungiyar Marubuta ta Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da WGA, ta shiga yajin aiki a shekarun 1960 da 1973 da 1981 da 1985 da 1988 da 2007 zuwa 2008 da kuma 2023.

Wannan maƙala za ta dubi uku na ƙarshe daga cikinsu. Abin da take son tabbatarwa shi ne, irin ɓarnar da yajin aiki ke yi wa wasa tana bin zubin wasan ne. Wasan da kowane kashinsa ke cin gashin kansa ana iya yi masa faci. Wasan da labarinsa ke ɗorewa daga mako zuwa mako yankewa yake yi. Wanda kuwa ake rubuta shi gaba ɗaya kafin a fara ɗauka jinkiri yake samu. A cikin maƙalar, "kashi" na nufin abin da ake nunawa a zama ɗaya, "zango" kuma jerin kashi-kashin da ake nunawa kafin a tafi hutu.

2.0 Matsayin Marubuci da Tushen Saɓani

A al'adar manyan tashoshin Amurka, irin su ABC da CBS da NBC da Fox, zangon wasa yakan ƙunshi kashi 22 ko abin da ya yi kusa da haka, ana nuna shi daga watan Satumba zuwa Mayu. Ba mutum ɗaya ke rubuta shi ba. Akwai zauren marubuta, inda mutane da dama ke zama su tsara ƙashin bayan labari, su rarraba shi kashi-kashi, sannan kowa ya ɗauki nasa ya rubuta. Shugaban wannan zaure, wanda shi ma marubuci ne, shi ne yake da ta cewa a kan wasan, har fiye da mai ba da umarni. Ana rubutu ana ɗauka ana nunawa duk a lokaci guda, ta yadda tazarar da ke tsakanin alƙalami da allon talabijin ba ta wuce 'yan makonni. Ke nan da zarar an ajiye alƙalami, rumbun da ke ƙasa ba ya daɗewa yake ƙarewa. Bugu da ƙari, dokar ƙungiya ta hana ɗanta gyara ko jimla ɗaya ta matani muddin ana yajin aiki, alhali kuwa gyara a wurin ɗauka wani babban ɓangare ne na aikin.

Tushen saɓanin kusan ɗaya ne a kowane karo, wato kason maimaici, kuɗin da ake biyan marubuci idan an sake nuna aikinsa ko an sayar da shi ta wata sabuwar hanya. A 1960 an yi jayayya a kan finafinan da ake haskawa a talabijin, kuma a wannan yaji ne marubuta suka sami tsarin fansho da na kiwon lafiya. A 1988 maganar ta koma kan maimaicin shirye-shiryen sa'a guda da waɗanda ake sayarwa a ƙasashen waje. A 2007 faifan DVD da intanet ne a kan gaba. A lokacin abin da marubuci ke samu a kan kowane faifai bai wuce kimanin senti 4 ba. A 2023 kuwa kafafen kallo ta intanet da ƙirƙirarriyar basira ne suka ta da ƙura. Duk lokacin da fasaha ta buɗe wata kasuwa, sai marubuta su ga abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

3.0 Yajin 1988: Faci

Yajin 1988 ya fara ranar 7 ga Maris, ya ƙare ranar 7 ga Agusta, wato kwana 153, kuma shi ne mafi tsawo a tarihin ƙungiyar. A wancan zamani yawancin wasanni suna bin zubin kashi mai zaman kansa: a ƙulla matsala a farkon sa'a, a warware ta kafin sa'ar ta cika, taurari su koma yadda suke. Irin wannan zubi yana karɓar faci, domin ana iya cire kashi ɗaya a sa wani ba tare da ginin ya girgiza ba.

Misali na farko shi ne Star Trek: The Next Generation. Zangonsa na biyu ya makara har zuwa Nuwamba 1988, kuma ya tsaya a kashi 22 maimakon 26. Domin a sami abin farawa, sai aka tono wani matani mai suna "The Child" da aka rubuta a ƙarshen shekarun 1970 don wani shirin da bai kai ga fitowa ba, aka sauya sunayen taurari, aka ɗora wa Deanna Troi rawar da aka tsara wa wata tauraruwa daban. Misali na biyu ya fi wannan fitowa fili. Tashar ABC ta farfaɗo da Mission: Impossible, wanda aka nuna daga 1966 zuwa 1973, ta dawo da Peter Graves a matsayinsa na dā, ta kai ɗaukar shirin Ostireliya, kuma kashi-kashin farko an gina su ne a kan tsofaffin matanoni. A shirin Moonlighting kuma, kashin ƙarshe na zango na huɗu bai cika lokacinsa ba, sai aka cike gurbin da waƙa.

Abin lura a nan shi ne, facin ya yiwu ne saboda taurarin irin waɗannan wasanni gurabu ne masu siffa tsayayya: shugaba, likita, ƙwararren mai ɓad-da-kama. Duk wanda aka sa a gurbin zai iya furta kalaman. Duk da haka ɗinkin yakan nuna, domin kalaman da aka yanka wa wani tauraro ba sa zama daidai a bakin wani. Darasin da masu tashoshi suka ɗauka daga wannan yaji shi ne su nemi shirin da ba ya buƙatar ɗan ƙungiya. A Maris 1989 Fox ta fara nuna Cops, inda mai ɗaukar hoto ke bin 'yan sanda a bakin aikinsu ba tare da rubutaccen labari ba. Irin waɗannan shirye-shirye na rayuwar zahiri su ne tashoshi suka riƙa fakewa da su a yaje-yajen da suka biyo baya.

4.0 Yajin 2007 zuwa 2008: Yankewa

Wannan yaji ya fara ranar 5 ga Nuwamba 2007, ya ƙare ranar 12 ga Fabrairu 2008, kwana 100 ke nan, kuma marubuta kimanin 12,000 suka shiga. Bai kai na 1988 tsawo ba, amma tabon da ya bari a jikin wasanni ya fi zurfi, saboda dalilai biyu. Na farko, ya faɗo ne a tsakiyar zango. Na biyu, zubin wasa ya riga ya sauya. Manyan wasannin lokacin suna ɗauke da labari guda mai tsawo, wanda ake ƙulla shi a farkon zango, a yi ta ja har a kai ƙololuwa a ƙarshensa. A irin wannan zubi zango ne cikakken aiki, kashi kuwa babi ne kawai.

4.1 Labarin da aka datse

An tsara wa zango na biyu na Heroes kashi 24, amma 11 kaɗai aka nuna. Jigon rabin farko shi ne barazanar wata ƙwayar cuta mai iya hallaka al'umma. A tsarin asali cutar za ta ɓalle a kashi na 11, sauran zangon kuma ya bi abin da ya biyo baya. Da aka ga yaji ya tabbata, sai aka sake ɗaukar ƙarshen, aka sa tauraro ya cafe kwalbar kafin ta fashe. Ta fuskar tarke, wannan ya mayar da kashi goma na shimfiɗa aikin banza, domin an tara hadari an hana ruwa zuba. Duk jan ƙafar da masu kallo suka jure da zaton sakayya na nan tafe, sai ta tsaya a jan ƙafa kurum.

Friday Night Lights ya tsaya a kashi na 15 daga 22, ba tare da wata warwara ba. Da zango na uku ya zo, sai aka tsallake watanni, aka yi watsi da wasu zaren labarin, har wani yaro mai suna Santiago, wanda aka ɓata lokaci ana gina shi, ya ɓace babu bayani. Shi kuwa Lost, wanda ya kammala kashi 8 kafin yaji, ya koma aiki daga baya ya matse abin da ya rage, zangon ya ƙare da kashi 14 maimakon 16.

Shirin 24 shi ne ya fi fito da hujjar wannan maƙala. Zubinsa shi ne kwana ɗaya a rayuwar tauraro, kashi 24, kowane kashi sa'a ɗaya. Ba a iya rage shi, domin kwana ba ya cika da sa'a takwas, kuma ba a iya cusa masa tsohon matani. Saboda haka Fox ta ɗage zango na bakwai baki ɗaya daga Janairu 2008 zuwa Janairu 2009. Gwargwadon yadda zubi ya ɗaure, gwargwadon yadda rashin marubuci ke tsayar da shi cik.

4.2 Jinkirin alheri

Adalci ne a ambaci inda yankewa ta yi rana. An tsara wa zangon farko na Breaking Bad kashi 9, yaji ya tsayar da shi a 7. Wasan yana bin yadda Walter White, malamin kimiyyar sinadarai, ya rikiɗe sannu a hankali ya zama ƙasurgumin mai haɗa miyagun ƙwayoyi. Mahaliccin wasan, Vince Gilligan, ya bayyana daga baya cewa kashi biyun da ba a yi ba da sun gaggauta labarin, har da kashe ɗaya daga cikin manyan taurari. Tsayawar ta ba shi damar sake lale. Ƙarfin wannan wasa, wanda ya kai kashi 62 kafin ya ƙare a 2013, yana cikin tafiyar hawainiyar da lalacewar tauraron ta yi. Sai dai wannan misali bai rage wa marubuci matsayi ba. Abin da ya nuna shi ne, gaggawar da tsarin tashoshi ke ɗora wa marubuta ita ma tana ɓata labari, kuma lokacin tunani yana cikin kayan aikin rubutu.

4.3 Shirye-shiryen barkwanci na dare

Waɗannan shirye-shirye su ne suka fara yin shiru, domin ana rubuta su ne a ranar da za a nuna su, a kan labaran ranar. Mai kallo yakan ɗauka cewa raha daga bakin mai gabatarwa take ɓuɓɓugowa, alhali akwai marubuta a bayansa. A ranar 2 ga Janairu 2008 David Letterman ya dawo tare da marubutansa, saboda kamfaninsa ya ƙulla yarjejeniya ta daban da ƙungiyar. Jay Leno da Conan O'Brien kuwa sun dawo a wannan rana ba tare da nasu ba. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. O'Brien ya riƙa cike lokaci da juya zoben aurensa a kan tebur ana ƙidaya daƙiƙoƙin da zai yi yana juyawa. Abin ya ba da dariya, amma dariyar ta dogara ne a kan sanin da masu kallo suka yi cewa akwai giɓi. Wato rashin matani shi ne ya zama jigon shirin, kuma jigo ne da ba ya jure maimaici.

5.0 Yajin 2023: Jinkiri

Daga 2 ga Mayu zuwa 27 ga Satumba 2023, kwana 148, marubuta kimanin 11,500 suka sake ajiye aiki. A ranar 14 ga Yuli ƙungiyar 'yan wasa ta SAG-AFTRA ta bi sahu har zuwa 9 ga Nuwamba. Rabon da ƙungiyoyin biyu su yi yaji a lokaci guda tun 1960, sa'ad da Ronald Reagan ke shugabantar 'yan wasa.

A wannan karo kiɗa ya sake canzawa. Kafafe irin su Netflix sun saba da gajeren zango mai kashi 8 ko 10, wanda ake rubuta shi duka kafin a kunna na'urar ɗauka. Wasa irin wannan ba ya yankewa a tsakiya a idon mai kallo. Ko dai ya fito cikakke ko ya makara. Zangon ƙarshe na Stranger Things bai shiga ɗauka ba sai Janairu 2024, bai kuma fito ba sai ƙarshen 2025, fiye da shekara uku bayan wanda ya gabace shi. Wasannin tashoshi kuwa sun rasa kakar Satumba gaba ɗaya: Abbott Elementary ya dawo a Fabrairu 2024 da kashi 14 maimakon 22, Grey's Anatomy kuma a Maris da kashi 10.

Abin da ya bambanta wannan yaji da na baya shi ne, zubin aikin rubutu kansa yana cikin abin da ake jayayya a kai. Kamfanoni sun riƙa ɗaukar marubuta kaɗan na 'yan makonni, su tsara labari, a sallame su kafin a fara ɗauka. Ƙungiyar ta yi ƙorafin cewa wannan yana rage samu, yana kuma hana ƙananan marubuta koyon yadda matani ke komawa wasa, wanda a wurin ɗauka kaɗai ake koyonsa. Yarjejeniyar da aka cimma ta ƙayyade mafi ƙarancin marubutan da za a ɗauka: 3 ga zango mai kashi 6 ko ƙasa, 5 ga mai kashi 7 zuwa 12, da 6 ga mai kashi 13 ko fiye. Ta kuma tanadi ƙarin kuɗi ga shirin da kashi 20 cikin 100 na masu biyan kafa a cikin Amurka suka kalla a kwana 90 na farko. Dangane da ƙirƙirarriyar basira, an amince cewa ba za a ɗauke ta a matsayin marubuci ba, ba za a tilasta wa marubuci amfani da ita ba, kuma dole kamfani ya sanar da shi idan abin da aka ba shi ya gyara na'ura ce ta samar da shi. Ke nan tambayar da manazarta ke yi a aji, wato wane ne mawallafi, ta shiga cikin yarjejeniyar ƙwadago, an kuma ba ta amsa a rubuce.

6.0 Tasiri a Kan Masu Kallo

Dangantakar mai kallo da wasan talabijin ta ginu ne a kan sabo da alkawari. Sabo shi ne zaman da yake yi a rana kaza da ƙarfe kaza. Alkawari kuwa shi ne tabbacin cewa abin da aka ƙulla za a warware. Yajin aiki yana karya duka biyun, kuma sabon wasa ya fi jin jiki, domin saiwarsa ba ta kama ƙasa ba. Pushing Daisies ya fara a Oktoba 2007 da farin jini, ya tsaya a kashi na 9 a Disamba, bai dawo ba sai Oktoba 2008. Kafin nan masu kallo da yawa sun watse, aka kuma soke shi a zango na biyu.

Inda mai kallo ke komawa shi ma ya sauya daga yaji zuwa yaji. A 1988 da 2008 abin da tashoshi suka ba shi shi ne maimaici da gasanni da shirye-shiryen rayuwar zahiri. A 2023 kuwa yana da rumbun tsofaffin wasanni a hannunsa. Suits, wanda aka nuna daga 2011 zuwa 2019, shi ne ya fi kowane shiri samun masu kallo a kafafen intanet na Amurka a 2023, bisa ƙididdigar kamfanin Nielsen. Wannan ya rage wa mai kallo zafin yajin, ya kuma ƙarfafa hujjar marubuta, tun da abin da ya cike giɓin tsohon rubutu ne da ake ci gaba da cin moriyarsa, kuma kason wannan moriya shi ne abin da ake rikici a kai.

Hasarar ba ta tsaya a kan allo ba. An soke bikin ba da kyautar Golden Globe na Janairu 2008, aka karanta sunayen waɗanda suka yi nasara a taron manema labarai. An ɗage bikin Emmy daga Satumba 2023 zuwa 15 ga Janairu 2024. Cibiyar Milken ta ƙiyasta cewa yajin 2007 zuwa 2008 ya jawo wa jihar Kalifoniya hasarar dala biliyan 2.1, kuma cikin waɗanda suka ji a jikinsu akwai masu haske da kafintoci da direbobi da masu dafa abinci, waɗanda ba su da kaso a cikin abin da ake nema.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi yaje-yajen aiki uku, ta nuna cewa kowannensu ya bar irin nasa tabo gwargwadon zubin wasannin zamaninsa: faci a 1988, yankewa a 2007 zuwa 2008, jinkiri a 2023. Idan aka haɗa misalan wuri guda, za a ga cewa 'yan wasa da masu gabatarwa suna iya ƙirƙiro magana nan take su cike 'yan mintuna, kamar yadda aka gani a shirye-shiryen dare. Abin da ba a sami mai maye gurbin marubuci a kansa ba shi ne dogon ƙulli da warwararsa, wato sanin abin da za a ɓoye a kashi na uku domin ya yi amfani a kashi na ashirin. Wannan shi ne amsar da tarihin talabijin ya bayar ga muhawarar da aka buɗe da ita.

Akwai kuma darasi ga mai tarke. Kafin a yanke wa wani zango hukuncin rauni a zubi ko gaggawa a warwarar jigo, ya kamata a binciki yanayin da aka samar da shi. Wanda ya feɗe zango na biyu na Heroes ba tare da sanin abin da ya faru a Nuwamba 2007 ba, zai ɗora wa marubuta laifin ƙarshen da ba shi suka tsara tun farko ba. Yawan marubuta a zaure, da makonnin da aka ba su, da yadda ake biyan su, duk suna barin alama a jikin matani, don haka suna cikin abubuwan da nazarin wasan talabijin ya wajaba ya kula da su.